Jamaika: Fashin da Ake Talla da Wanda Ake Binnewa

Duk wanda ya taɓa duba takardun da kamfanonin yawon shaƙatawa suke bugawa domin su jawo masu hali zuwa tsibirin Jamaika, wanda yake cikin tekun Karibiyan kudu da Kiyuba, ya san abin da suka saba ɗora wa ido: farin rairayi, da ruwa garai-garai wanda ake hango ƙasansa, da itatuwan kwakwa sun sunkuyo bisa gaɓa, sa'an nan a wani gefe ga ƙato da jar riga da faffaɗar hula, ya rataya takobi, ya take ganga da ƙafa guda yana murmushi. Wannan ƙaton, wanda aka sa wa wata barasa sunansa tun shekarar 1944, shi ne Henry Morgan, shugaban 'yan fashin teku na zamaninsa, kuma da sunansa da na ire-irensa ake yi wa baƙi ado, ana sayar musu da huluna da tutoci masu hoton ƙoƙon kai, ana kai su ziyara inda aka ce nan suka sha, nan suka raba dukiya. A shekarar 2019 kaɗai baƙin da suka sauka tsibirin sun haura miliyan 4, alhali kuwa mutanen ƙasar duka ba su cika miliyan 3 ba, saboda haka labarin da ake ba waɗannan baƙi al'amari ne mai nauyi, domin shi suke ɗauka su koma da shi gida a matsayin tarihin ƙasar.

Abin da nake nufi in tabbatar a wannan maƙala shi ne, an zaɓi labarin 'yan fashin teku an ɗaukaka shi bisa sauran labaran Jamaika ne don ya fi su sauƙin haɗiya. Laifi ne wanda masu aikata shi da waɗanda aka yi wa duk sun shuɗe, galibinsu kuwa Turawa ne suna cutar 'yan'uwansu Turawa, don haka babu magajin da zai tsaya bakin otal yana neman hakkinsa. Amma a bayansa akwai wani fashin, wanda ya fi shi daɗewa, ya fi shi yawan jini, wato satar 'yan Adam daga Afirka da murƙushe su a gandayen rake, kuma jikokin waɗanda aka yi wa shi su ne yau suke shimfiɗa wa baƙon gado suna ɗaukar masa jaka. Tsakanin fashin nan biyu kuwa akwai dangantaka ta sababi da musabbabi: na farko shi ya tara jarin na biyu, na biyu kuma, da ya yi ƙarfi, shi ya sa aka rataye ma'abuta na farko.

Kolombus ya sauka tsibirin a watan Mayu na 1494, ya tarar da jama'ar Taino suna noman rogo suna kamun kifi. Sifaniyawa suka kafa garinsu na farko a 1509, kuma kafin a yi wasu shekaru masu yawa cututtukan da suka zo da su, da aikin tilas da suka ɗora wa mutanen, sun kusan ƙarar da su baki ɗaya. Da yake ba a sami zinariya a wurin ba, daular Sifaniya ba ta kula da shi sosai ba, ya zauna wurin kiwon shanu da aladu har shekara 146, wato har 1655, lokacin da Oliver Cromwell, wanda yake riƙe da Ingila bayan an fille kan sarkinta, ya aiko da rundunar jiragen ruwa ƙarƙashin William Penn da Robert Venables domin su ci Santo Domingo. Aka kore su daga can korar wulaƙanci, suka ji tsoron komawa hannu rabbana, suka faɗa wa Jamaika wadda ba ta da tsaro suka kama ta; duk da haka da suka koma Landan sai da aka tsare su biyun a kurkuku na ɗan lokaci. Sojojin da aka bari a tsibirin yunwa da zazzaɓi suka riƙa kashe su, Sifaniyawa kuma suna shirin dawowa, baitulmalin Ingila ba shi da abin da zai tura jiragen yaƙi da shi. A cikin wannan ƙunci ne shugaban rundunar, Edward D'Oyley, ya aika a 1657 ya gayyato 'yan fashin da suke zaune a tsibirin Tortuga, ya ce su zo su mai da tashar jiragensa masaukinsu, su kare masa ita, su kuwa su ci abin da suka samu daga Sifaniyawa. Tashar nan ita ce aka sa wa suna Fot Royal bayan an mai da sarauta Ingila a 1660.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya lura, domin nan ne tushen mas'alar. Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe tsakanin ganima, wadda ake samu a yaƙin da shugaba ya ɗaura bisa ƙa'ida, da hiraba, wato tare hanya da makami domin ƙwace dukiya da firgita matafiya, suka sanya wa muharibi haddi mafi tsanani, saboda laifinsa ya wuce cutar mutum guda, ya kai ga rushe amincin hanya wanda rayuwar jama'a ta dogara a kansa. Turawan wancan zamani su ma suna da irin wannan rarrabewa a dokokinsu, sai dai sun rataya ta ne ga takarda guda: idan gwamna ya ba mai jirgi takardar izini da hatimin sarki, to duk abin da ya ƙwace halal ne a wurinsu, ya kawo shi kotun tasha a ƙiyasta, a fitar wa babban kwamandan jiragen ruwa ushirinsa, a fitar wa sarki kashi ɗaya cikin 15, saura ya raba da yaransa, idan kuwa babu takardar, aiki iri ɗaya da mutum iri ɗaya sun zama abin rataya. Babban kwamandan nan mai karɓar ushiri shi ne ƙanen sarki, Yakubu mai sarautar York, wanda kuma shi ne ya shugabanci kamfanin sarauta na cinikin bayi a Afirka da aka ba izini a 1672. Hannu ɗaya ke nan yake karɓar rabonsa daga fashin biyu.

Rayuwar Morgan ta isa hujja. Ɗan ƙasar Wales ne, ya taso cikin wannan sana'a a ƙarƙashin inuwar gwamna Thomas Modyford, wanda ya zo daga Barbados a 1664 tare da masu gandaye da suka riga suka san ribar rake. A 1668 ya kama birnin Portobelo, ya riƙe shi har aka fanshe shi da azurfa peso 100,000. A 1669 ya shiga Maracaibo. A watan Janairu na 1671 ya ratsa dajin Fanama da mutum kimanin 1,400, ya ci birnin, wanda wuta ta cinye a cikin yaƙin. Takardar da yake riƙe da ita a farkon al'amarinsa ta jiragen ruwa ce, ba ta ambaci garuruwa ba, amma da yake abin da aka wasashe a tudu babu rabon sarki a cikinsa, sai ya fi karkata can, gwamna kuma ya kau da kai. Harin Fanama kuwa an kai shi ne bayan Ingila da Sifaniya sun riga sun ƙulla sulhu a Madrid a 1670, sulhun da Sifaniya ta sallama wa Ingila Jamaika a cikinsa. Domin a lallashi Sifaniyawa aka kama Morgan aka kai shi Landan a 1672, amma ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. A 1674 Sarki Charles na Biyu ya naɗa masa sarautar girma, aka mai da shi Jamaika a matsayin mataimakin gwamna, inda ya zauna yana sa hannu a hukuncin rataye tsofaffin abokan sana'arsa da suka ƙi barin teku. Da wani likitan jirgi mai suna Exquemelin, wanda ya bi su zuwa Fanama, ya wallafa littafi a 1678 yana bayyana azabar da suka gana wa mutane domin su nuna inda suka ɓoye dukiya, Morgan ya kai ƙarar waɗanda suka buga fassararsa a Ingila bisa ɓata suna, aka kuwa yanke masa diyya. Ya mutu a 1688 yana da gandaye uku da bayi 'yan Afirka fiye da 100. Can ne azurfar Portobelo ta tafi, kuma ba tasa kaɗai ba, gama attajiran Fot Royal da suke sayen kayan fashi da araha su ma ƙasa da bayi suka riƙa saye da ribar. A ƙidayar 1673 Turawa kimanin 7,700 ne a tsibirin, bayi kimanin 9,500. Kafin a yi shekara 30 bayin sun haura 40,000, Turawan kuwa ba su ƙaru ba.

Ranar 7 ga Yuni 1692, gab da tsakar rana, ƙasa ta girgiza. An gina Fot Royal ne a kan wani siririn harshen rairayi da ya miƙa cikin teku, aka ɗora masa manyan gidaje na jan bulo, waɗansu hawa uku ko huɗu, irin na Landan. Da girgizar ta zo sai rairayin ya jiƙe ya narke a ƙarƙashinsu, kashi biyu cikin uku na garin ya nutse cikin 'yan mintoci, har da maƙabartar da aka binne Morgan. Cikin mazauna kimanin 6,500, wajen 2,000 suka halaka nan take, wasu dubbai kuma annoba ta bi su a watannin da suka biyo. Wani agogon aljihu da masu nutso suka tsamo a 1959 ya nuna ƙarfe 11:43. Masu wa'azi a Ingila da Amurka suka ce azaba ce ta sauka a kan garin da ya fi kowane gari fasadi, kuma har yau wannan laƙabi ne ake tallar wurin da shi. Allah ne masanin hikimar abin da ya hukunta, ba hurumin marubuci ba ne ya fassara ta. Abin da yake hurumina shi ne in lura da zunuban da aka fi lissafawa, wato shan giya da zina da caca da saɓo, da kuma wanda bai shiga sahun gaba ba, wato kasuwar da ake tsai da mutum tsirara a duba haƙoransa a yi masa kuɗi, alhali kimanin sulusin mazauna garin bayi ne. Shaidar cewa ba a ɗauki wannan zunubi ba ita ce, attajiran da suka tsira suka haye ɗaya gefen tashar suka kafa Kingston a wannan shekarar, kuma a can cinikin mutane ya bunƙasa fiye da yadda ya taɓa yi a garin da ya nutse.

Zamanin da majigi ya fi so, na baƙar tuta da aku a kafaɗa, gajere ne ƙwarai, bai kai shekara 15 ba. Da yaƙin gadon sarautar Sifaniya ya ƙare a 1713, dubban ma'aikatan jirgi suka rasa aiki, takardun izini suka mutu, waɗansu suka ci gaba da abin da suka iya ba tare da hatimin kowa ba. Amma duniya ta riga ta sauya a kansu, domin a sulhun Utrecht na wannan shekarar Ingila ta karɓi kwangilar kai wa ƙasashen Sifaniya bayi 4,800 kowace shekara, Jamaika kuwa ita ce babbar zangon wannan fatauci. Wanda jiya ake washe shi yau ya zama mai saye, jiragen da suka fi tsoka a teku kuma su ne na bayi. 'Yan fashin suka juya kansu. A 1717 Sam Bellamy ya kama jirgin Whydah bayan ya sauke bayinsa a Jamaika, a wannan shekarar kuma Edward Teach, wanda ake wa laƙabi da baƙin gemunsa, ya kama jirgin bayi na Faransa mai suna La Concorde ya mai da shi jirgin yaƙinsa. Bartholomew Roberts, wanda shi kansa ma'aikacin jirgin bayi ne da 'yan fashi suka kama a Anomabu a 1719, ya bi gaɓar Afirka ta Yamma yana tare jirage har cinikin ya fara tsayawa. Sai a lokacin nan attajiran Landan da Bristol suka ɗaga murya, sai a lokacin nan aka sami kuɗin tura jiragen yaƙin da a da aka ce babu. Aka kashe Roberts kusa da gaɓar Gabon a watan Fabrairu na 1722, aka yi wa mutanensa shari'a a ganuwar Cape Coast da ke Gana ta yau, aka rataye 52, 'yan Afirkan da aka tarar a jiragensa kuwa aka sayar da su. Kada kuma wani ya ɗauka cewa waɗannan 'yan fashi masu 'yanta bayi ne, kamar yadda waɗansu marubuta suke so su nuna saboda an sami baƙaƙen fata a cikinsu: a tashar Wida, wata guda kafin mutuwar Roberts, mutanensa suka cinna wa wani jirgi wuta don mai shi ya ƙi biyan fansa, da mutum wajen 80 ɗaure da sarƙa a cikinsa.

A gwada shari'u biyu da suka shafi tsibirin nan. John Rackham, wanda sunansa yake bakin kowane mai yi wa baƙi jagora, ƙaramin ɓarawo ne, galibin abin da ya kama kwale-kwalen masunta ne da ƙananan jiragen fatake. Aka cafke shi kusa da Negril a 1720, aka rataye shi a Fot Royal a watan Nuwamba, aka sa gawarsa cikin kejin ƙarfe a wani ɗan tsibiri a bakin tasha domin ta zama izina, matan nan biyu da suke jirginsa, Anne Bonny da Mary Read, suka tsira daga igiya saboda juna biyu. Bayan shekara 61, a 1781, ma'aikatan wani jirgin bayi na attajiran Liverpool mai suna Zong, suna kan hanyar Jamaika, suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu, suka ce ruwan sha ne ya yi ƙaranci, sa'an nan masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su hasarar kaya. Maganar ta je gaban babban alƙalin Ingila a 1783, abin da aka tattauna kuwa shi ne wanda zai ɗauki hasarar kuɗi. Ba a tuhumi kowa da kisan kai ba. Sauran mutanen jirgin an sauke su a Black River, a kudancin tsibirin, an sayar.

Mutum kimanin miliyan ɗaya aka sauke a Jamaika daga Afirka a tsawon wannan fatauci, aka sake sayar da wani kaso nasu ga Sifaniyawa; amma ranar da aka soke bauta a 1834 bayin da aka lissafa kimanin 311,000 ne. Wannan giɓi shi ne tarihin tsibirin na haƙiƙa. Jama'ar da aka bar ta ta rayu tana ƙaruwa ne da haihuwa, ita kuwa wannan kowace shekara mutuwa tana rinjayar haihuwa a cikinta, saboda rake idan an sare shi ba ya jira, dole a matse shi a dafa ruwansa kafin ya yi tsami, don haka a lokacin kaka injin matsa da tukwanen dahuwa ba sa tsayawa dare da rana har watanni, masu gandaye kuma, waɗanda da yawansu suna zaune a Ingila ba su taɓa ganin gonakinsu ba, sun yi lissafi sun ga sayen sabon bawa ya fi renon jariri araha. Mutanen ba su miƙa wuya ba. Waɗanda suka gudu cikin duwatsu, da ake kira Marun, sun yaƙi sojan Ingila ƙarƙashin Kojo da wata jaruma mai suna Nanny har aka tilasta wa gwamna ya yi sulhu da su a 1739, ko da yake sulhun yana da ɗaci, don an sharɗanta musu su riƙa mai da duk bawan da ya gudo. Wani bawa mai suna Taki ya ta da tawaye a 1760. A 1796 aka kwashe Marun na garin Trelawny aka kai su Kanada, daga can kuma Saliyo a 1800. A Kirsimetin 1831 wani bawa mai wa'azi, Samuel Sharpe, ya shirya wa dubban bayi su ƙi fita aiki sai an biya su lada, abin ya rikiɗe ya zama yaƙi, aka kashe fiye da 300 bisa hukuncin kotu bayan an murƙushe shi, shi kuma aka rataye shi a Montego Bay ranar 23 ga Mayu 1832. Shekara guda bayan haka majalisar Ingila ta zartar da dokar soke bauta. Mutanen Jamaika ba su manta da waɗannan ba, sun sa Nanny da Sharpe cikin gwarazan ƙasa, sun buga surarsu a takardun kuɗi, sun sa wa dandalin Montego Bay sunan Sharpe. Abin da nake zargi shi ne kasuwar da take ɗauko baƙo daga filin jirgin saman wannan garin ta kai shi bayan katangar otal ba tare da ya ji sunan ba.

Mu ma muna da rabo a cikin labarin, rabon baƙin ciki da na alhaki. Akwai wani bawan Allah, Abubakar Siddiƙu, haifaffen Tambutu wajen 1790, wanda ya tashi a Jenne ya yi karatu a Buna. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta da Larabci ya ambaci cewa mahaifiyarsa Hafsatu, wadda take da laƙabin Hausa, danginta suna Katsina da Barno. Yaƙi ya ci garin da yake karatu, aka ɗora masa kaya aka bi da shi ta Kumasi zuwa bakin teku, aka sayar da shi ga jirgin Ingilishi yana saurayi. Ya yi kusan shekara 30 yana bauta a Jamaika da sunan da aka laƙaba masa, yana riƙe wa ubangidansa lissafin kaya da haruffan Larabci, har wani alƙali ɗan Ailan mai suna Richard Madden ya gane matsayinsa ya nema masa 'yanci a 1834, kuma daga baya ya bi wani matafiyi Bature zuwa Maroko suna neman hanyar Tambutu. A wani gandu a tsakiyar tsibirin kuma akwai Muhammadu Kaba, wanda bayan shekaru masu yawa a cikin bauta ya rubuta ɗan littafi da Larabci a kan salla. Waɗanda suka kama waɗannan mutane suka kai su gaɓa ba Turawa ba ne. Tun wajen 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa bai halatta a bautar da mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai ba, kuma cewa baƙar fata ba ta zama dalilin bauta. Fatawar ba ta rufe ƙofar bauta gaba ɗaya ba, kuma ko abin da ta rufe ɗin sarakuna da fatake sun riƙa tsallake shi duk lokacin da farashi ya yi kyau. Wanda zai tuhumi Liverpool da gaskiya sai ya yarda a tambaye shi game da kasuwannin da suke wannan gefen teku.

Da aka zo soke bautar, gwamnatin Ingila ta ware fam miliyan 20 domin diyya, kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da take kashewa a shekara, masu gandayen Jamaika suka sami wajen miliyan 6 daga ciki. Diyyar ta masu bayi ce. Bayin ba a ba su ko anini ba, ba a ba su ko taƙi na ƙasa ba, bal ma aka wajabta musu su ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki kyauta da sunan koyon sana'a har 1 ga Agusta 1838. Da talakawa suka yi bore a Morant Bay a 1865 saboda yunwar ƙasar noma da zaluncin kotu, gwamna Edward Eyre ya sa aka kashe fiye da 400, aka ƙone gidaje wajen 1,000. Bashin da Ingila ta ci domin biyan waccan diyya ba a gama rufe shi ba sai a 2015, kuma a wannan shekarar ce firaministanta David Cameron ya je majalisar Jamaika ya nemi a bar abin da ya wuce a fuskanci gaba, ya yi tayin taimaka musu da kuɗin gina gidan yari.

Yawon shaƙatawa ya shigo tsibirin ne a kan jirgin ayaba. Wani mai jirgi Ba'amurke, Lorenzo Dow Baker, ya ɗauki ayaba daga Jamaika a 1870 ya ga ribarta, kasuwancinsa ya girma har ya shiga cikin kamfanin United Fruit a 1899. Da yake jiragen suna dawowa daga Boston babu kaya, sai aka riƙa cika su da masu gudun sanyi, aka gina musu otal na Titchfield a Port Antonio. Majigi ya ƙarasa aikin. A fim ɗin Captain Blood na 1935, wanda ya fito da Errol Flynn, bawan da ake nuna wahalarsa a Fot Royal likita ne farar fata da aka zalunta, ya gudu ya zama ɗan fashin teku, a ƙarshe aka naɗa shi gwamnan Jamaika. Flynn ɗin ya zo ya sayi ƙasa a Port Antonio, taurari suka biyo shi, kuma fim ɗin Disney na 2003 da ya sake ɗaukaka 'yan fashin Karibiyan shi ma a Fot Royal ya ajiye labarinsa. Hatta tsofaffin gidajen masu gandaye da aka buɗe wa baƙi, kamar Rose Hall, abin da aka fi sayarwa a cikinsu tatsuniyar wata mayya ce da fatalwarta.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Za a ce wannan kasuwa ita take ciyar da dubban gidaje, ita take kawo wa ƙasar kuɗin waje, mutumin da ya tara kuɗinsa shekara guda domin ya huta kuwa bai zo makaranta ba. Za a ce Fot Royal ta yau ƙauyen masunta ne mai fama da talauci, idan sunan Morgan zai kawo mata jirgi, kamar yadda aka buɗe mata tashar manyan jiragen baƙi a 2020, to wane ne zai hana ta? Ban ce a hana ba. Garin da ya nutse taska ce ta ilmi, masu binciken ƙarƙashin ruwa sun shafe shekaru suna tono shi, abin da suka fi samu kuma kayan attajirai ne da na masu sana'a, ma'auni da tukwane da faranti, waɗanda suke nuna gari ne na ciniki, wanda fashi da bauta suka kasance rassan cinikinsa. Jagoran da ya nuna wa baƙo inda aka rataye Rackham yana iya nuna masa inda jiragen bayi suke tsayawa, a tasha ɗaya suke, kuma ban yarda cewa baƙo zai gudu don an gaya masa gaskiya ba, tun da dubban mutane suna biyan kuɗi su shiga kurkukun bayi na Cape Coast da na tsibirin Gore kowace shekara.

Amma akwai abin da ya fi labari tsanani, shi ne ita kanta gaɓar. Jamaika ta sami mulkin kai ranar 6 ga Agusta 1962, ta gaji wata doka da aka yi a 1956, zamanin Turawa, wadda ta mallaka wa hukuma bakin teku ba tare da ta ba ɗan ƙasa tabbataccen hakkin isa gare shi ba. Ƙasar da take bayan rairayin kuwa, a wurare da yawa, tsofaffin gandayen rake ne da ba a taɓa raba wa waɗanda suka nome su ba, suka wuce daga hannun magada zuwa hannun kamfanoni. Gandun Tryall da ke yamma da Montego Bay yau filin wasan golf ne, kuma a farkon wannan ƙarni manyan kamfanonin otal na Sifaniya sun gina dubban ɗakuna a gaɓar arewa, inda jiragen Kolombus suka fara tsayawa. Irin waɗannan otal baƙo yana biyan kuɗin ci da sha da kwana tun daga ƙasarsa, saboda haka mai tuya a bakin hanya da mai kwale-kwale ba su cika ganin sisinsa ba. A Mammee Bay kusa da Ocho Rios, da waɗansu wurare, masuntan da kakanninsu suke tura jirgi daga wurin sun wayi gari sun tarar da katanga a kan hanyarsu, suka haɗu da masu fafutuka suka kai ƙara kotu, hujjar da suka dogara da ita kuwa wata tsohuwar doka ce ta 1882, wadda ta ce hanyar da jama'a suka yi shekara 20 suna bi ba tare da an hana su ba ta zama hakkinsu.